Diskina ne, da kuɗɗina na saye shi, amma ya ce ba ni da izini

Salamu alaikum jama'a. Kwana biyu shiru, aiki ne ya sha kaina, bukukuwa sun taso kowa na son ya yi aurenshi kamin azumi, ga kuma ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun cika muna shago da takardu kowa ya ce nashi yau-yau yake so. Yanzu an ɗauke kuran, fotokofi ta tsaya, batirin portabul ɗina kuma da saura, shi ne na ce bari in zauna in ba ku labarin yadda diskin da na saya da gumina ya hana ni aje ko hoto ɗaya cikinshi har kwana biyu.

Ga wanda bai san mu ba, ɗan shago ne gare mu nan Maradi, sezi (wato buga rubutu) da fotokofi da haɗa bidiyon biki. Mu uku ne kan kwamfuta guda, ni da ƙanena mai montaj da wata yarinya da muka ɗauka tana buga rubutu. Kwamfutar tsohuwa ce ta hannu, kuma tunda Microsoft suka daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, ita ko ba ta ɗaukar Windows 11 don ba ta da abin ga da ake ce ma TPM 2.0, sai na sa mata Linux Mint, wani tsari ne mai tahiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ban goge Windows ɗin ba, na bar shi gehe guda saboda wani lojisiyel na katin gayyata da ƙanena ya ce in an raba shi da shi an raba shi da sana'a. Daga baya na ƙaro diski na biyu mai tera ɗaya don bidiyo, kun san bidiyon biki da cin wuri, ranar sa lalle kaɗai in mai kamara ya samu waje sai ka rasa inda za ka zuba.

Na formate shi da ext4, tsarin da Linux ke jera kaya da shi a diski, na buɗe dosiye mai suna /srv/aiki, ƴan uwa na Najeriya ku kuna cewa folda da fayil, mu nan dosiye da fishiye bakinmu ya saba da su, ku yi haƙuri da ni. Na ɗora diskin bisa dosiyen, abin da ake kira mount ke nan, na kwaso bidiyo zan sauke sai na ga wurin mannawa ya dushe ba ya dannuwa. Na buɗe taminal, inda ake buga umarni da rubutu, na gwada da hannu, sai ta ce min "Permission non accordée". Tamu da Faransanci take, mai ta Ingilishi zai ga "Permission denied". Na ce ikon Allah, ni da kayana.

Abin da ya hi ba ni haushi, na riga na yi abin da ake cewa a yi. Kamin in ɗora diskin na buga chown, umarnin canza mai abu, na mai da dosiyen sunana, na duba da idona na ga sunana a kai. To ina matsalar? Sai dare na biyu, ina fada muna shan shayi hankalina na shago, abin ya faɗo min. Dosiyen da ka buɗe don ɗora diski kamar daɓen ɗaki ne, diskin kuma tabarma ce da za ka shimfiɗa a kai. Ni na share daɓe na rubuta sunana a ƙasa, sannan na kawo tabarmar wani na shimfiɗa bisa, ka ga wanda ya shigo tabarma zai taka ba daɓe ba. Da zarar an ɗora diski, mai shi da izinin da ake gani a /srv/aiki na tushen diskin ne, na dosiyen ƙasa sun ɓoye sai ran da aka sauke shi. Kuma sabon ext4 da aka formate daga taminal, tushenshi na root ne, wato babban mai gida na kwamfutar, shi kaɗai ke iya rubutu ciki, saura sai kallo.

Da sahe ban ko karya ba na zo shago, diskin na ɗore, na buga

sudo chown 1000:1000 /srv/aiki

sudo ɗin gaba shi ke ara maka ikon root, shi ke nan, magana ta ƙare, kwana biyu a kan layi ɗaya. Ban sa -R ba, mai sa umarni ya bi duk abin da ke ciki, da gangan, don akwai wani dosiye lost+found da ext4 ke ajewa a tushe, na fsck ne, mai binciken diski da gyara shi, in ya tsinto guntayen fishiye bayan diski ya samu matsala, a bar ma root abinshi.

Wannan 1000 ɗin ita ce asalin abin da nake so in yi magana a kai, amma bari in fara da abin da ake gani. In ka buga ls -l za ka ga layi kamar drwxr-xr-x sannan suna biyu. Harafin farko d ne in dosiye ne. Sauran tara kashi uku ne, uku-uku: na mai abu, na gurup ɗinshi, sai na kowa da kowa. Gurup na mutane nake faɗi ba mai cin esansi da muke tayarwa in an ɗauke wuta ba. r karatu, w rubutu, x kunnawa. In da lamba ne r 4 ce, w 2, x 1, sai a tara, shi ya sa 7 ke nuna an ba ka duka, 5 ka karanta ka shiga ba ka taɓawa, 6 karatu da rubutu. 755 mai gida ya yi yadda ya so saura su kalla, 644 haka nan amma na fishiye. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne x a kan dosiye, can ma'anarshi izinin shiga ne, in ka cire shi ko an ba ka r sunayen kaya kawai za ka hango daga bakin ƙofa ba ka iya ɗaukar komi. Na taɓa buga umarnin canza izini chmod -R 644 wai ina gyara, na kulle kaina waje da hannuna. Wanda ya san ta kan abin X babba yake sawa, kamar u=rwX, ita tana ba dosiye izinin shiga ta ƙyale hotuna da takardu yadda suke.

To lamba. Diski bai san sunanka ba, wallahi bai san shi ba. Abin da ext4 ke rubutawa jikin kowane fishiye lamba ce, uid ta mai shi da gid ta gurup, sunan kuma kwamfutar ce ke dubawa cikin /etc/passwd ta manna maka a allo don ka ji daɗi. root lambarshi 0. A Mint da Ubuntu da Debian wanda aka fara buɗe ma kwant shi ne 1000, na biyu 1001, haka-haka. Kamar rumfar babbar kasuwa ce, takarda lambar rumfa ta sani, wanda ke zaune ciki yau shi ne mai ita a idon mai wucewa.

Yadda na gane haka kuwa abin dariya ne. Ina da wani ƙaramin diski na aljihu shi ma ext4, na kwashe wasu takarduna na tahi da shi gida in ƙarasa aiki a portabul. Portabul ɗin asali ta ƙanena ce, shi ya sa mata Linux ya fara buɗe kwant ɗinshi, ni daga baya aka ƙara ni. Ina sa diski sai na ga duk fishiyena da sunanshi, ni ko an hana ni gyara ko waƙafi. Na kira shi na ce kai, yaushe ka shiga kayana? Ya ce Yaya wallahi ko ganin diskin ga ban taɓa yi ba. Har na fara hushi, sai na buga id na ga ni 1001 ne a nan, na buga ls -ln, n ɗin ita ke sa a nuna lamba tsirara ba suna, na ga komi 1000. A shago 1000 ni ne, a gida 1000 shi ne. Diskin bai canza komi ba, yaron kuma bai yi laihi ba, sai da na saya mishi tsire na ba shi haƙuri. Mai Mac ma in ya kawo kayanshi wani lokaci za ka ga 501 tsaye ba suna, don can daga 501 suke farawa, kwamfutarka ta duba littahinta ba ta samu mai wannan lamba ba.

Yanzu zancen 777, wanda na tabbata rabin masu karanta wannan shi suka zo nema. Bayan na mai da diskin sunana, ni ina rubutu lahiya lau amma su biyun ba su iyawa. Ran nan na tahi Tibiri gaisuwar rasuwa, ƙanena na da mo-de-pas ɗina, ya duba intanet ya ga wani ya ce a buga chmod -R 777 komi zai buɗe. Ya buga, komi ko ya buɗe, na dawo yana ta murna wai ya gyara abin da ya gagare ni. Na ga aiki na tahiya na yi shiru, nan ne nawa laihin.

Sati biyu bayan haka yarinyar ta ga diski ya kusa cika, ta ce bari ta taimaka ta yi shara. Ta ga wani dosiye sunanshi sabo2, kusa da sabo da sabo-na-ƙarshe, don ƙanena wajen sa suna Allah ya shirye shi, ta ɗauka kwafi ne ta goge ta kuma zubar da kwandon shara. Ashe montaj ɗin bikin ɗiyar wata Hajiya ne, aikin kwana uku. La'asar sai ga Hajiya ta sauko daga adaidaita, ta ce ɗan nan ina kasat ɗin, baƙi na Katsina gobe za su koma suna son su tahi da shi. Na duba ƙanena, ya duba yarinyar, ita ko ido ya cika da hawaye. Na ce Hajiya don girman Allah ki ƙara muna kwana biyu, in ya so mu aika musu ta waya. Ta ce ai shi ke nan, amma yadda ta ja mayahinta ta juya na san ba shi ke nan ba ne. Allah ya taimake mu katin kamara ba a goge shi ba, yaron ya kwana biyu bai runtsa ba ya sake haɗawa daga farko.

Ban yi ma yarinyar faɗa ba don ba ta da laihi, ƙofa aka bari buɗe. Kuma a nan na koyi wani abu da ban taɓa tsammani ba: goge fishiye ba ya neman izini a kan fishiyen, izinin rubutu a kan dosiyen da yake ciki ake dubawa. Ko ka kulle fishiye ka mai da shi na karatu kaɗai, wanda ke da w a dosiyen zai iya jefar da shi, iyaka a tambaye shi ka tabbata? ya ce i. Dalili ke nan /tmp da kowa ke zuba kaya ciki aka sa mishi 1777, wannan 1 ta gaba ita ke hana wani goge kayan wani.

Abin da na yi daga baya, wanda da shi ya kamata in fara, gurup na buɗe mai suna shago na zuba mu ukun ciki.

sudo groupadd shago
sudo usermod -aG shago sunan-mutum

Don Allah kar a manta da a ɗin nan ƙarama. In ka buga -G kaɗai, za a cire mutum daga duk sauran gurup ɗinshi a bar shi da wannan guda, in kanka ka yi ma haka ka hita daga sudo ke nan, ka zama baƙo a kwamfutarka. Kuma sai mutum ya hita daga kwant ɗinshi ya sake shiga kamin abin ya kama, na ɓata minti talatin ina zagin na'ura kan wannan.

Sai na raba diskin gida biyu. Dosiye guda na aikin da ake kai, na ba gurup shago karatu da rubutu na sa mishi 2770, wannan 2 ta gaba ana ce mata setgid, aikinta duk sabon abin da aka buɗe ciki ya gaji gurup ɗin dosiyen ba na wanda ya buɗe shi ba. Na ƙara da

sudo setfacl -R -d -m g:shago:rwX /srv/aiki/yanzu

don sabbin fishiye su zo da izinin rubutu ga gurup tun daga haihuwa. Dosiye na biyu na aikin da aka gama, shi 750 ne kuma nawa ne, su duba su kwafa ma mai kaya a kile, wato falash ta USB, amma ba mai gogewa sai ni. Ba zan ɓoye muku ba abin bai cika ɗari bisa ɗari ba, fishiyen da aka ɗauko daga wani wuri da mv, umarnin matsar da kaya, yakan zo da tsohon izininshi, sai ka ji yarinyar ta ce Malam wannan ya ƙi buɗuwa. Duk Juma'a kamin mu ruhe nakan bi dosiyen da chgrp mai canza gurup da chmod sau ɗaya in daidaita.

Duk wannan da na faɗa na ext4 ne da ƴan uwanshi na Linux. Kile da katin memwar da diskin da mutane ke kawo muna daga gida wata duniya ce daban, kuma nan ne na ga mutane na buga chown har hannu ya gaji. FAT32 da exFAT ba su da wurin rubuta mai abu kwata-kwata, ba a gina su da shi ba. Butar masallaci ce, wanda ya ɗauka tashi ce har ya aje. Linux da kanshi ke ƙirƙira musu mai gida lokacin ɗorawa, diskin gaba ɗaya mutum guda izini guda, in ka buga chown a kai sai ya ce "Opération non permise" ko da sudo ne, ka ga root da kanshi an hana shi, don ba inda za a rubuta abin. Gyaran a wurin ɗorawa yake, da uid da gid da umask.

In ka soka kile a Mint, tana ɗoruwa a /media/sunanka/ da sunan wanda ke zaune gaban allo lokacin. Shi ya sa in ƙanena ya soka kilen kastoma ya tashi cin abinci, yarinyar ta juya zuwa kwant ɗinta, ba ta ganin komi. Ba a buƙatar wani dogon turanci, a cire kilen ta hanyar da ta dace a sake sokawa, ta zama tata. Af, tunda muna kan kile: in bidiyo ya wuce giga 4 ya ƙi shiga alhali akwai wuri, wannan ba izini ba ne, iyakar FAT32 ce, ba ta ɗaukar fishiye guda da ya kai giga 4. A mai da ita exFAT, tun kernel (wato zuciyar Linux) 5.7 na 2020 Linux na karanta shi da direban da Samsung suka bayar, sai dai a tambayi mai kaya ko talabijin ɗinshi na gane exFAT, tsofaffi da yawa ba su yi.

NTFS na Windows shi yana da nashi tsarin izini, mai zurhi ma, amma da wasu dogayen lambobi da ake kira SID waɗanda ba su da alaƙa da 1000 ɗinmu. Direban ntfs-3g in ba ka ce mishi komi ba share su yake, kuma abin da ya hi ruɗarwa, kana buga chmod ya karɓa shiru ba kuskure ba komi, ka duba ka ga ba abin da ya motsa. Akwai sabon direba ntfs3 na kamfanin Paragon da ya shiga kernel 5.15 a 2021, amma ni har yanzu tsohon nake amfani da shi don shi na sani. Ga layin da na sa cikin /etc/fstab, fishiyen da ke gaya ma kwamfuta diskin da za ta ɗora in ta tashi, don partisiyon ɗin Windows inda tsofaffin katunan gayyata suke:

UUID=lambar-diskinka /mnt/tsoho ntfs-3g uid=1000,gid=1003,dmask=007,fmask=117,windows_names,nofail 0 0

1003 ita ce lambar gurup shago a wurina, kai ka duba taka da getent group. Su mask ɗin nan a juye suke aiki, abin da za a hana ake rubutawa ba abin da za a bayar ba, 007 a dosiye ya ba da 770, 117 a fishiye ya ba da 660. windows_names kuma na hana a sa ma fishiye sunan da Windows ba zai iya buɗewa ba, irin mai alamar tambaya ko ɗigo biyu, ita ko yarinyarmu tana son sa kwanan wata da awa a suna. UUID ɗin lsblk -f ko blkid za su ba ka, kar ka rubuta /dev/sdb1, yau shi ne sdb gobe an soka wani diski kamin a kunna ya koma sdc.

Ana nan wata rana partisiyon ɗin ga ya ce shi karatu kaɗai, "lecture seulement", ba rubutu. Na duba fstab ba abin da ya canza, lambobi daidai, na kusa sake shiga ramin chmod. Ashe ƙanena ne ya shiga Windows da sahe ya yi katinshi ya danna Arrêter. Tun Windows 8 akwai abin da suke kira démarrage rapide, in ka kashe ba mutuwa yake duka ba, rabin barci yake ya bar diski riƙe a hannunshi don ya tashi da sauri. Linux in ya ga haka sai ya ƙi rubutu a kai, kuma gaskiyarshi, in ya rubuta Windows ya farka da tsohon lissahi kaya za su lalace. In ka danna Redémarrer ko ka riƙe Shift kana kashewa yana mutuwa duka, amma wa zai tuna? Na shiga Windows na buɗe cmd da ikon administrater na buga powercfg /h off, daga ranar ban sake ganin abin ba. In kuma ɗaukewar kuran ce ta kama NTFS tsakiyar rubutu, a koma Windows a yi chkdsk /f, ntfsfix na Linux ɗan share hanya ne kawai ba ya maye gurbinshi. Haka ext4, in diski ya fara ciwo kuma an sa mishi errors=remount-ro zai koma karatu kaɗai don ya tsare abin da ya rage, a buga dmesg a ga kukan da diskin ya yi, a sauke shi a yi fsck, ba a yin fsck diski na ɗore. Mu da zahin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 ga ƙura ga wuta na tahi-da-dawo, onduler, wato UPS mai riƙe wuta, ba ado ba ne, na sayi ƙarami ko minti goma ya ba ni in kashe da mutunci.

Kalmar nofail da kuka gani a layin can, ita ma da jini na saye ta. Farko ban sa ta ba a layin babban diski, ran nan muka buɗe kwamfutar muna busa mata ƙura wayar diskin ta ɗan saki ba mu lura ba. Muna kunnawa ta tsaya tana jira kusan minti ɗaya da rabi sannan ta zube cikin baƙin allo, ga layin ɗalibai har waje. Duk diskin da ke cikin fstab ba nofail, kwamfuta na ɗaukar shi dole ne, in babu shi ba ta ƙarasa tashi. Na tayar da ita da kilen Mint don in gyara, can kuma klabiye ya koma na Ingilishi, ina danna a yana ba ni q, gumi na zuba ɗalibai na leƙe. Yanzu duk ran da na taɓa fstab sai na aje kwafinshi tukuna, in na gama in buga findmnt --verify da mount -a in ga ba kuka kamin in sake kunnawa.

Wani ɗan guntun abu: in ka formate tera ɗaya da ext4 ka ga kamar giga hamsin sun ɓace, ba mai shago ne ya cuce ka ba, ext4 na aje kashi 5 cikin 100 don root. A diskin bidiyo ba shi da wani amfani sosai, tune2fs -m 1 ya maido min da mahi yawa.

Kuma a yi hattara da -R da sudo in sun haɗu. Wani abokina a fada, mai gyaran waya ne hannunshi na da sauri, zai buga chown -R a kan /mnt/kaya sai yatsa ya sa sarari bayan sandar farko, ya zama / daban mnt/kaya daban. chown bai tambaye shi komi ba ya fara bin kwamfutar gaba ɗaya yana mai da ita sunanshi. Kamin ya ankara sudo kanshi ya daina aiki, yana cewa dole sai ya zama na uid 0. Mun yi ta dabara har shayi na uku ya huce, ƙarshe kwashe kayanshi muka yi aka sake enstale.

Akwai abin da ya dame ni tun ran da na gane zancen lambar nan. In diski lamba kaɗai ya sani, to duk wanda ya ciro shi ya kai wata kwamfuta inda shi ne root, ya karanta komi, 700 ɗinka ba ta tsare komi ba. Ni kaina ina yi, mutum ya kawo kwamfutar da ta mutu ya ce a ceto mishi hotuna, in ciro diskin in soka a Mint, dosiyen Users da Windows zai tsaya yana tambayar izini sai an bi shi da takeown da icacls, nan a buɗe yake kamar zaure, sai fa in BitLocker, makullin diski na Windows, ke kai. To mu kuma diskinmu cike yake da bikin mutane, matan aure cikin gida ba lulluɓi suna rawa, amana ce aka ba mu. Izini na hana mu ukun taka ƙafar juna ne kawai, ɓarawon da ya fasa shago ya sungumi kwamfuta bai san da shi ba. Maganin wannan LUKS ne, a kulle diskin duka da mo-de-pas, kuma hanya mai sauƙi sai an kwashe kaya an sake formate, ni ko ba ni da wani tera ɗin da zan juye a kai. Na yi ma wani mai zuwa Kano magana ya duba min farashi, in bukukuwan ga sun wuce kuɗɗi sun shigo zan yi.

Ga kuran nan an maido, fanka ta fara juyawa, yarinyar na kirana wai wani malamin lakwal ya kawo kile ta ƙi buɗuwa kuma ya rantse jiya lahiyarta lau. Bari in je in ga ko ƙanena ne ya soka ta ya tahi sallah.